Ranar Lahadi, Ku Nufi Kasuwar Ƙauye

Ƙannena da 'ya'yana da kuka tashi a birni, ina da shawara a kan yadda kuke cin ranakun hutunku na ƙarshen mako. Na san yadda Asabar da Lahadin yawancinku ke wucewa: barci har hantsi, waya a hannu, da yamma a tafi gidan kallon ƙwallo ko a zaga manyan kantuna. Ban ce laifi ba ne. Wanda ya yi kwana biyar yana fama da makaranta ko aiki yana da haƙƙin ya miƙe ƙafa. Roƙona shi ne ku ware Lahadi guda, ko da a wata ɗaya ko biyu ne, ku yi sammako ku je inda manoma ke kawo amfanin gonarsu da kansu, ku ci kasuwa tare da su.

A gidajenmu na birni yanzu ana samun saurayi ɗan shekara ashirin da bai taɓa riƙe zangarniyar gero ba, balle ya bambance gero da maiwa. Ana samun budurwa gwanar tuƙin tuwo wadda ba ta san watan da ake girbe dawar da take tuƙawa ba. Abinci yana iske mu a ƙulle cikin leda, an surfa, an niƙa, an tankaɗe. Idan ya yi tsada mu yi ta kuka, kuma da gaskiyarmu, don tsadar tana ci mana tuwo a ƙwarya. Amma mutum nawa ne cikinmu zai iya faɗin hannu nawa kwanon wake ya bi kafin ya iso kantin unguwa, ko nawa ya shiga aljihun wanda ya duƙa ya noma shi? Wannan rashin sani yana damuna ƙwarai, domin ku ne gobe za ku zauna a ofisoshin da ake yanke hukunci a kan taki da hanyoyin karkara da farashin abinci, kuma mafi yawan mutanen da hukuncin zai hau kansu manoma ne.

Kasuwannin ƙasar Hausa da yawa mako-mako suke ci, kowacce da ranarta, an jera su yadda ɗan kasuwa zai ci wannan yau, gobe ya wuce ta gaba. Wudil Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Acida ta ƙasar Sakkwato Laraba. Sa'ar da kuka taka ita ce manya-manya da dama ranar Lahadi suke ci: Ɗambatta a Kano, Gujungu a Jigawa, Mai'aduwa da Jibiya a Katsina, Illela a Sakkwato. Ukun ƙarshen nan na bakin iyaka ne, inda 'yan'uwanmu na Nijar ke shigowa da raƙuma da shanu da tumaki, su koma da hatsi da kayan masarufi. Bayan waɗannan da suka yi suna, kowane gari yana da ƙananan kasuwanni kewaye da shi. Direbobin tasha sun san ranakunsu kaf, tambaya kawai za ku yi.

Bari in ɗauki Ɗambatta, tunda mai zaune a Kano zai iya zuwa ya dawo a yini guda ba tare da wahala ba. Daga shataletalen Dawanau za ku kama hanyar Kazaure da Daura. Ku lura da Dawanau ɗin da kuka bari a baya, domin ita ce babbar kasuwar hatsi da manyan motoci ke lodi zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, kuma kusan duk buhun da ke cikinta daga irin kasuwar da kuka nufa aka tattaro shi, kwano-kwano. Tun a hanya kasuwar za ta fara bayyana muku: amalanken shanu da buhuna a kai, mai babur da akuya biyu a ɗaure bayansa, a-kori-kura maƙare da mutane da kaji, matan Fulani a jere da ƙoren nono a ka. Kasuwar ƙauye ba ta cika da asuba. Sai hantsi ya ɗaga take ɗaukar harama, ta tumbatsa wajen azahar, bayan la'asar ta fara watsewa. Wanda ya isa da wuri shi yake ganin yadda ake sauke kaya da yadda farashin ranar ke tsayawa.

Idan kun shiga, ku fara da wajen awo, ku nemi irin mutumin da nake so ku sani. Ba shi da rumfa. Yana tsugune a gefe, rabin buhun gero a gabansa, bakin buhun a naɗe, tafin hannunsa ya yi kanta, ƙafafunsa sun yi fari da ƙurar hanya. Kafin geron nan ya shiga buhu, an yi sharar gona a bazara, an kai taki, an jira ruwan shuka. An yi noman firi, an yi maimai, an yi ta duban sama duk lokacin da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki. An girbe, an ɗaure damma, an kai rumbu. Jiya ko shekaranjiya matan gidansa suka sussuke, suka sheƙe. Kuma wannan da kuke gani yawanci daga cikin abincin gidansa ya ɗebo, saboda wata buƙata ta taso wadda hatsi ba ya biya sai kuɗi: maganin yaro, bashin taki, kuɗin makaranta, kayan ɗakin 'ya. Shi ya sa da kaka hatsi ke karyewa, don kowa ya fito da nasa a lokaci guda, masu jari su saye su ɓoye. Idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sau da yawa manomin nan shi ne zai dawo kasuwar nan ya sayi geron da tsadar da ta fi yadda ya sayar. Wanda ya tsuguna gaban irin wannan dattijo suka yi hira ta minti goma ya fahimci abin da ba zai samu a labaran rediyo na shekara ba. Gani ya kori ji.

Saboda wannan dattijon nake so in ja muku kunne a kan ciniki. Ciniki al'adarmu ce, kuma da rashin tayi akan bar arha. Ku yi tayi, kada ku ji kunya. Amma yana da ladabinsa. Ba a faɗa wa mutum da "nawa?" tun daga tsaye. Ka rage tsawo, ka yi sallama.

"Baba, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, ɗan nan. Daga birni?"

Sai ka tambayi mutan gida, ka tambayi yadda damina ta kasance a wajensu, sannan ka tambayi kuɗin kwano. Ya faɗa, ka taya. In bai yi masa ba zai ce "albarka", ka ƙara. In kun daidaita zai ce "na sallama", kuma daga wannan kalma ciniki ya faɗa, ba a ja da baya. Saboda haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye don kawai ka ji daɗin bakinka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba, ya kuma hana shiga cinikin da wani yake ciki. In ka tarar ana ciniki, ka jira a gama ko a watse. Bayan an auna maka, kana iya cewa, "Baba, a yi mini gyara," zai ƙara maka tafi guda da murmushi. Ka biya, ka ce Allah ya kawo kasuwa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga yaron da ke shiga babban kanti ya biya abin da aka manna a jikin kwali ko uffan bai ce ba, amma ya zo gaban tsohuwa mai kashin kuɓewa ya tsaya yana ja da ita a kan canjin da ko katin waya ba zai saya masa ba. Ya san rana ta yi, ya san kuɓewarta ba za ta kai wata Lahadin ba, ya san dole ta sallama. Wannan cin zali ne ko da an kira shi iya ciniki. Ku ja da dillali in kuna so, shi sana'arsa ke nan, kuma ya fi ku sanin kanta. Wanda ya noma da hannunsa kuwa, idan kun ji farashinsa daidai yake da na maƙwabtansa, ku biya shi. A cikin Sahihul Buhari akwai addu'ar rahama da Annabi ya yi wa mutumin da ke da sauƙin kai idan zai sayar, da idan zai saya, da idan zai karɓi bashinsa. Mu mun riƙe ɓangaren farko muna neman sauƙi daga mai sayarwa, mun manta mai saye ma an ambace shi.

Kada ku ɗauka ina cewa kowa a kasuwar ƙauye waliyyi ne. Akwai masu algus, kamar ko'ina, kuma koyon gane su yana cikin ribar tafiyar. Hatsi ba a duba shi a sama. Ka nutsa hannunka cikin buhu ka ɗebo daga ƙasa, ka duba tsakuwa da ƙaiƙayi, ka sansana, ka ciji ƙwaya guda ka ji ko ta bushe. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa Annabi da kansa ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ciki, ya kuma tsawata masa a kan ɓoye shi. Wake, ka duba huji, kuma in ka ji warin maganin ƙwari yana tashi ka bar shi komai arharsa. Ka dubi kwanon awon kansa, ko an buga gindinsa ya shige ciki, ka kuma lura da yadda ake cika shi, don wani awon yana tsayawa da tsororo, wani a share bakinsa, kuma sai an auna kwano arba'in ake cika babban buhu, ka ga 'yar ragowar kowane kwano ba ƙaramin abu ba ce. Sura ta 83 a Alƙur'ani da kashedi ga masu tauye mudu ta buɗe. Ƙwan zabi da damina, a sa shi a ruwa, mai kyau ya nutse, lalatacce ya taso. Man shanu da zuma, ka ɗanɗana kafin ka biya, ba wanda zai ga laifinka. Kaza, ka ɗaga ka ji nauyinta, ka taɓa ƙirjinta, ka dubi idonta. Idan aka samu saɓanin da ya fi ƙarfinku, akwai Sarkin Kasuwa da mutanensa, aikinsu ke nan.

Ku 'yan mata, wannan ilimi ku ya fi yi wa amfani nan kusa. Ku je tare da iyayenku ko yayyenku, ku bi Gwaggo ko Inna a baya ku ga yadda take murza daddawa ta sansana, yadda take gane garin kuka mai kyau da launinsa, yadda take bambance kindirmo da nonon da aka tsinka. Uwar gidan da ta san waɗannan, da wuya a cuce ta ko a cuci cikin 'ya'yanta. Samari kuma kada ku ce cefane aikin mata ne, don a yawancin gidajenmu namiji ne ke fita kasuwa.

Wani abin da zuwa kasuwa kan koyar shi ne lissafin shekara. A kantin birni Janairu da Agusta duk ɗaya ne. A kasuwar ƙauye kowane lokaci da fuskarsa. Da damina za ku tarar da ɗanyar masara, da rama, da yakuwa, da lalo, da tafasa, da yalo, da 'ya'yan kaɗanya. Da kaka sabon gero ya shigo, da gyaɗa, da wake, da riɗi, daga baya dawa ta biyo. Idan hunturu ya kama, kayan lambu su cika ko'ina, ga rake, ga magarya da kanya. Da bazara mangwaro da ɗorawa. Ku shiga da ƙananan ƙannenku wajen masu goruba da aduwa da tsamiya da muruci, ku saya musu, ku faɗa musu sunan kowanne da bishiyar da ta haife shi. Yaro da yawa a birni ya san sunan 'ya'yan itatuwan da ake shigowa da su daga waje, bai san ɗinya ba.

Idan tsakanin Janairu da Maris ne, ku sauya hanya wata ranar ku bi titin Zariya zuwa Kwanar Gafan, ku ga kasuwar tumatir. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bi ta magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma a wannan lokaci tumatir yana nuna gaba ɗaya. Za ku ga kwanduna jere iya ganinku, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Za ku kuma ga abin da ya kamata ya tsaya muku a rai: tumatir da aka yayyanka aka shanya a ƙasa, saboda farashi ya faɗi kuma manomi ba shi da inda zai adana shi ko kwana uku. Watanni kaɗan bayan haka a birni ana sayen 'yan ƙwayoyi da tsadar da ke sa matan gida komawa busasshe. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har kwando ya gagari mutane. Wanda yake karatun aikin gona ko injiniya ko kasuwanci a cikinku, ga matsalar da ke jiran iliminsa nan a fili: adana, da busarwa mai tsafta, da sufuri.

Kara kuwa, wato wajen dabbobi, ku leƙa ko ba ku da kuɗin ɗan akuya. Ku tsaya gefe ku ga yadda dillali ke buɗe bakin rago ya ƙidaya haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya koma tsakanin mai dabba da mai saye har su daidaita ya karɓi la'adarsa. Ku dai yi hattara da ƙahon sa da ƙafar raƙumi.

Sai maganar waya. Na san hannunku zai yi ƙaiƙayi, don wurin yana da kyan gani. Amma mutanen nan neman abincinsu suka fito. Kada ka ɗaga waya a fuskar matar aure ko 'yar Fulani mai tallan nono ba da izininta ba, kada kuma ka ɗauki tsoho yana cin abinci ka watsa a intanet ana dariya. In kana son hoto ka tambaya, in an ce a'a ka haƙura. Ku sa tufafin da ba za su sa a bi ku da kallo ba. Kada ku kwaikwayi karin harshen mutane kuna ƙyalƙyala dariya, kuma kalmar nan "baƙauye" da ake jifan mutum da ita a birni, ku bar ta a bakin tasha. In ka bi salsalar kusan kowannenmu, kakansa ko kakan kakansa daga irin garin nan ya fito da buhu a ka. Idan an kira azahar ku bi jama'a masallacin kasuwa, bayan sallah ku zauna a rumfar mai fura a dama muku, ko ku ci waina da tsire da zafinsu. A nan ake hirar da ta fi daɗi, a nan za ku ji ana maganar farashin taki da ɓarnar tsuntsaye da rikicin burtali daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Ku tafi da tsabar kuɗi, ƙananan takardu, ku rarraba su a aljihu daban-daban saboda 'yan sane. Akwai masu POS yanzu a manyan kasuwanni, amma tsohuwa mai daddawa ba ta da asusun banki. An ga haka ƙarara a farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, mutanen karkara suka riƙa karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Game da arha kuma, in gaya muku gaskiya, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota yana iya cinye rangwamen da mutum ɗaya zai samu. Dabarar ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu, ko gidaje biyu su haɗa kuɗi, a sayi buhu a raba, a biya ɗan dako haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Wanda aljihunsa bai kai ba a wannan watan, ya je kasuwar 'Yan Kaba ta cikin Kano da sassafe ya ga ana sauke kayan gwari, ko 'Yan Lemo, kafin Allah ya hore masa tafiyar.

Tsaro ba abin wasa ba ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da wasu maƙwabtansu sun rufe kasuwannin mako-mako da na dabbobi a wurare da dama saboda 'yan bindiga, kuma a watan Oktoban shekarar aka kai mummunan hari kasuwar Goronyo. Har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi sai da bincike. Ku nemi izinin iyaye, ku tambayi direbobi da mutanen garin halin da hanya take ciki a wannan makon, ku tafi da wanda ya san wurin, ku kamo hanyar gida da la'asar. In an ce hanya ba lafiya, ku fasa, ku zaɓi wata kasuwar.

Wasunku za su je sau biyu su fara lissafi a zuci: ga abin da ake sayar da kwanon riɗi a nan, ga abin da ake sayar da shi a birni. Madalla da wannan lissafi, don 'yan kasuwa da yawa da sarin 'yan kwanuka suka fara, kuma ya fi zaman jiran takardar ɗaukar aiki. Sharaɗi guda nake gindaya muku. Za ku ga wasu suna tsayawa a bakin hanya nesa da kasuwa, suna tare manoma su saye kayansu tun ba su ji farashin ranar ba. Annabi ya hana wannan tare hanya, kuma dalilin a bayyane yake. Ku bar mutum ya shiga kasuwa ya ji abin da ake ciki, sannan ku yi ciniki da shi ido na ganin ido.

In kun samu manomi ko mai man shanu da kuka ji daɗin kayansa, ku riƙe shi. Ku tambayi sunansa da garinsu, ku karɓi lambar ɗansa in shi ba shi da waya, ku neme shi idan kun koma. A karo na uku ba sai kun yi dogon ciniki ba, shi zai ware muku mai kyau tun daga gida, ya kuma gaya muku watan da ya kamata ku sayi waken shekara da watan da ya kamata ku dakata. Idan za ku fara, ku fara da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, sabon hatsi ya cika kasuwa. Ku ɗauki buhunan da babu komai a ciki da igiya daga gida, da ruwan sha, da hula ko mayafi mai kare rana.